Mabiyiya Ta Tare Hanya

Tun da na dawo gida Pantami ban huta da tambaya ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya ajiye jarka ya ce wai da gaske ne an ɗora ni a gadon masu haihuwa. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ƙiba yake yi a bakin mutane, don jiya na ji an ce 'yan biyu na haifa. Shi ya sa na ɗauko biro. Shekara talatin na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, ba zan zauna a rubuta mini tarihi da baki ba.

Ku masu dariya kuna cewa Kwadon ma har tafiya ce, ku sani rabona da fita daga cikin Gombe tun kafin rasuwar Malam, kuma a wannan fitar kwana goma sha shida na yi ban kwanta a gadona ba.

Ranar wata Talata da hantsi ina tsince shinkafa wayata ta yi ƙara. Ɗana ne na fari, wanda ba na kama sunansa sai dai in ce Babangida, yana kira daga Bauci inda yake aiki. Matarsa Saude tana da ciki wata takwas, cikin fari, kuma mako biyu ke nan da muka kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Kwadon. Wayar sai yankewa take yi. Abin da na tsinta shi ne Saude tana zubar da jini tun da safe, ya kamo hanya, in yi wa Allah in riga shi zuwa. Na ce me ya hana su kai ta asibiti? Sai ya ce, "Inna, wai mabiyiya ce ta tare hanya." Daga nan layin ya mutu.

To, ni mabiyiyar Saude na san ta. Jamila ce, wadda take bi mata a haihuwa, 'yar makarantar koyon aikin lafiya, doguwa mai ido a tsaye. Ranar ɗaukar amarya ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta hana danginmu shiga har magariba ta kusa, tana ta kawo sharuɗɗa kamar ita ce waliyyiya. Tun ranar na sa mata ido. Da na ji an ce mabiyiya ta tare hanya ban ma yi mamaki ba, na ce aikinta ne. Na bar shinkafar ga kaji, na zura hijabi, na sa takalmi wari da wari ban sani ba sai a cikin napep.

A tasha na sami ƙaramar mota mai zuwa Kwadon. Ku kun san jikina, Allah bai rage ni ba, amma direba ya dube ni ya dubi mutum uku da ke baya ya ce akwai wuri. Aka cusa ni, aka rufe ƙofa da gwiwa. Kafin mu fita daga gari kowa a motar ya san labarin Jamila, kuma kowa ya goyi bayana. Wani mai jar hula ya ce 'yan matan yanzu da sun riƙe allura sau ɗaya shi ke nan sun fi likita. Wata tsohuwa da ke rungume da zakara ce kawai ta taɓo ni ta ce, "Malama, mabiyiyar nan wace iri ce?" Na ce mata irin mai baki ce, 'yar boko. Ta buɗe baki za ta ƙara magana na ce ta ji da zakaranta.

A bayan gari akwai shingen jami'an tsaro, shi ne iyakar ƙasarmu da tasu. Wanda ya leƙo motar ya ƙura mini ido, sai ya cire hula ya rusuna. Ashe ɗalibina ne na aji huɗu, Sale, wanda bai taɓa rubuta harafin ɗa da lanƙwasarsa ba. Ya shiga gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafata, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga wadda ta zane shi. Ni kuwa na ƙosa mu wuce, don duk faɗan da nake yi a motar nan tsoro ne. Yarinyar nan Saude shekara ɗaya da rabi muna gida ɗaya, ko ƙarar tafiyarta ban taɓa ji ba. Na ce wa Sale ya buɗe mana hanya ko in ƙara masa wata bulalar a gaban mutane.

Mutanen Kwadon suna da gaisuwa, wannan kam sun fi mu. Daga bakin titi zuwa gidan surukaina sai da aka tsayar da ni sau biyar, kuma duk gidan da ka wuce warin albasa ne yake fara yi maka maraba. A tsakar gidan na tarar da mata sun cika, wasu suna Hausa, wasu da suka gan ni suka juya harshe zuwa Tera. Uwar Saude tana zaune a kan turmi ta rafka tagumi. Ta ce mini jinin ya tsaya, kuma yarinyar ba ta jin ciwon komai, don haka manya sun ce a jira maigidan ya dawo daga gona, kafin nan ungozoma ta duba ko haihuwa ce ta zo da wuri.

Na ɗaga ido, sai ga abin da aka gaya mini a waya ƙiri-ƙiri. Jamila ce tsaye a ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a wannan dogarin ɗaya a wancan. A gabanta ga ungozoma, wata dattijuwa mai mutunci, ta naɗe hannun riga, ga kwano da ruwan ɗumi da sabulu.

Abin da na gaya wa Jamila ba zan rubuta shi duka ba, don jikokina za su karanta. Na tuna mata ranar biki. Na ce ba a haifi yarinyar da za ta hana a taimaki matar ɗana ba. Na kama hannunta na ja, na ce wa ungozoma ta shige, amma yarinyar nan kamar an dasa ta. Idonta ya kawo ruwa, muryarta kuwa ko rawa.

"Inna, ki zage ni har gobe, amma ba wanda zai sa wa Yaya hannu."

Raina ya gama ɓaci. Na ce to tunda ta hana a duba ta a nan, yanzun nan za a ɗauke ta zuwa babban asibiti a cikin gari, ba jiran maigida ba jiran kowa, in ga wanda zai tare ni. Sai na ji Jamila ta ce alhamdu lillahi. Na ɗauka rashin kunya ce, na ajiye a raina zan rama.

Mota ce ta zama aiki. Abin da aka samu shi ne a-kori-kurar maƙwabcinsu Malam Buba, wadda ya riga ya loda wa tumatir zai kai kasuwa. Aka fito da Saude a hankali, fuskarta ta yi fari, tana ƙoƙarin durƙusawa ta gaishe ni na daka mata tsawa. Aka sa ta a gaba ta kishingiɗa a jikin Jamila, wadda ta riƙe katin awo da takardar hoton ciki kamar fasfo. Ni kuwa maza uku suka taru suka ɗora ni a baya tsakanin kwanduna. Na zauna a kan wani katako ina jin daɗin nasarata, har muka faɗa wani rami, katakon ya tafi gabas ni na tafi yamma, na sauka da dukkan nauyina a cikin kwandon tumatir. Na yi na yi in tashi abin ya gagara, haka na zauna a ciki har Gombe.

A shinge Sale ya leƙo, ya ga malamarsa a jiƙe jawur daga ƙugu zuwa ƙafa tana nishi. Bai tambayi komai ba ya janye katako yana salati. Ina kyautata zaton daga bakinsa labarin haihuwata ya shigo gari.

Da muka isa asibiti masu tura gado suka rugo. Malam Buba ya ce musu mai ciki ce take zubar da jini. Suka dubi bayan mota, suka ga mace mai tumbi cikin hijabi, zaninta sharkaf, ƙafafunta sun sandare. Kafin in haɗa kalma biyu an ɗaga ni an shimfiɗe a gado an fara gudu da ni. Ina cewa ba ni ba ce, suna cewa Mama ki yi ta addu'a. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tsayar da su, Sista Rifkatu, gajeriya mai tabarau, 'yar wajen Kaltungo. Ta dubi fuskata, ta shafo zanin ta shinshina, ta ce, "Mama, jinin naki har da 'ya'ya a ciki." Allah ya taimaka a lokacin Jamila ta riga ta sa an shigar da Saude ta ɗaya ƙofar.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗebi jininta don a san irinsa, aka sake yin hoton ciki. Bayan azahar likita ya kira ni a matsayin babba, ina ɗaure da zanin aro. Ya ce jaririn yana lafiya, jinin ya lafa, amma ba za su sallame ta ba, domin mabiyiya ta tare hanya.

Na ce, "Likita, wannan kam na riga na yi maganinta. Ga ta can a waje tana riƙe da jaka."

Ya dube ni, ya dubi Sista Rifkatu. Ita ta fara ganewa. Ta juya mana baya, kafaɗunta suna rawa, ta daɗe tana gyara wani abin da bai lalace ba. Da ta samu kanta sai ta jawo kujera ta zaunar da ni. Ni da na haifi bakwai, na binne mabiyiya bakwai, aka zauna ana koya mini abin da kalmar take nufi. Ta ce mabiyiya, wadda ke ciyar da jariri a ciki ta kuma biyo bayansa in an haihu, wurin zamanta sama ne ko gefe. Ta Saude kuwa ta sauko ta kwanta a bakin mahaifa kamar faifai a bakin tukunya. In ciki ya tsufa ƙasan mahaifa ya fara miƙewa, sai gefen mabiyiyar ya ɗaye, jini ja ya zubo ba tare da ciwo ba, ya tsaya, ya sake dawowa fiye da na farko. An ga haka tun a hoton da aka yi a wurin awo makon da ya wuce, Jamila ta karanta takardar, ita ta gaya wa Babangida a waya.

Daga nan ta daina murmushi. Ta ce irin wannan ko su a asibiti ba sa sa hannu su duba sai sun ga hoto, domin yatsa ɗaya ya isa ya yaga mabiyiyar, jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo, kuma daga Kwadon zuwa nan da nisa ga mai irin wannan zubar. Ta tambaya ko an taɓa ta a gida. Na ce a'a. Ban gaya mata cewa ni na ja hannun Jamila na ce wa ungozoma ta shige ba. Na ji tsoron Allah na ji tsoron kaina.

Na fito na sami Jamila a kan benci. Ban iya ba yara haƙuri ba, ban saba ba. Na zauna kusa da ita na daɗe, sannan na ce ita ma da laifinta, wa ya ce a haife ta a bayan Saude? Ta kwashe da dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta tafi hawayen suka tsaya. Na jawo kanta na ɗora a kafaɗata, ina warin tumatir.

Masaukina a kwanakin nan baranda ce ta masu jinya, kuma ƙasa ce mai zaman kanta. Ba a kiran kowa da sunansa, da lambar gadon majinyacinsa ake kiransa, don haka ni Malama guda na koma Gado Shida. Shugabar ƙasar wata ce Maman Bitrus daga wajen Billiri, wadda ta riga kowa zuwa. Ita ke raba wurin shimfiɗa tabarma, ita ta san famfon da ke kawo ruwa da mai masar da ba ta tsuga kanwa. Dokarsu ita ce ba a buɗe kula a ci shi kaɗai. A gidana ko 'ya'yana ba sa sa hannu a kwanona, amma a can na ci gwaten Maman Bitrus da cokalin da ban san na wa ba ne, na kuma nemi ƙari. In za mu yi salla ita ke tsare mana kaya, ranar Lahadi in sun taru suna waƙoƙinsu a hankali ni ke tsare musu. Shayin mai shayin bakin ƙofa kuwa ba zan ce komai a kansa ba, Allah ya shirye shi.

A barandar nan na gane zubar jinin ba iri ɗaya ba ce. 'Yar Maman Bitrus hawan jini ne da ita, mabiyiyarta tana wurinta daidai amma ta ɓanɓare kafin lokaci. Ita da ciwo ya zo mata, ciki ya yi tauri kamar katako, jinin da ya fito kaɗan ne kuma baƙi, ashe mai yawan yana taruwa a ciki. Mutanen gida suka ce ai kaɗan ne suka jira. An ceto uwar, ba a ceto ɗan ba. Maman Bitrus ta ba ni labarin tana yanka albasa, ta ce albasar Kwadon ce mai yaji. Na tambayi Sista Rifkatu yadda mutum zai bambance su a gida, da kuma ɗan jinin nan mai yauƙi da ke zuwa gabanin naƙuda. Ta ce kada in bambance komai, wannan aikinsu ne, nawa aikin in ga jini in nemo mota.

An yi wa Saude allurar da ke ƙarfafa huhun jariri, aka ce ta kwanta ta huta, in Allah ya sa ciki ya ƙara makonni za a yi mata tiyata, don ba hanyar da ɗa zai bi ya fito. Aka kuma ce a tanadi jini tun kafin a buƙace shi. Ni aka ƙi karɓar nawa, wai shekaru da hawan jini. Babangida, da ya iso daga Bauci, ya miƙa hannu yana cika baki, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da aka ba shi lemo aka sake gwadawa yana kallon bango. Jamila ta ba da nata. Malam Buba ma ya dawo washegari ya ba da nasa, ya ce tunda kwandonsa guda ya riga ya zama miya a hanyar nan gara ya cika ladan.

A rana ta goma sha ɗaya, da hantsi, ina tsefe wa Saude kai sai ta kama hannuna ta ce, "Inna." Na duba zanin gadon. Ban taɓa ganin jini yana tafiya haka ba. Sista Rifkatu da nake gani tana tafiya kamar ba ta son taka ƙasa, ranar na ga gudunta. Cikin ɗan lokaci an rataya jini, an kira likita, an kawo wa Babangida takarda. Ya tsaya yana karantawa yana tambaya ko ba wata dabara, na ce ya sa hannu ko in sa masa. Aka shige da ita ɗakin tiyata.

Ba na son tuna zaman nan. Na ja carbi har na daina sanin abin da nake faɗi. Maman Bitrus ta zo ta zauna a gefena ta riƙe mini gwiwa tana tata addu'ar, ita da ta fito daga ƙofar nan hannu wofi babu jika. Da ƙofar ta buɗe Sista Rifkatu ta fito da ƙunshi a hannu ta ce mace ce, ƙarama amma da baki, ta gado wata. Na ce uwar fa? Ta ce ta zubar da jini da yawa, jinin da aka tanada duk ya shiga jikinta, amma tana nan. Na ce alhamdu lillahi.

Can aka miƙo mini leda, aka ce ga mabiyiya a kai gida a binne. Na leƙa na dube ta da kyau, na gaya mata kaɗan daga cikin abin da na gaya wa Jamila a Kwadon.

Ranar sallama Sista Rifkatu ta ja mini kunne a kan ruwan wankan jego, ta ce in na kusanci ɗinkin nan da tafasasshen ruwa har Pantami za ta biyo ni. Ni kuma na shiga mitata, na ce abin da ya fi ba ni haushi shi ne ciwon nan ba ya sallama, yarinya tana zaune lafiya sai kawai ya faɗo mata. Sista ta ce sau da yawa yana yi, ɗan jini kaɗan ne yake fara zuwa ya tsaya, mata su ce ba komai. Ta tafi ta bar mu.

Ina ninke kaya, Saude tana zaune a bakin gado da jaririyar a cinya, kanta a ƙasa. Sai na ji ta yi magana a hankali.

"Inna, ya yi sallama. Tun a Pantami, kafin a kai ni gida. Sau biyu."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce wa ta gaya wa? Ta ce ba kowa, ko Jamila. Ta ce ranar farko ta zo har bakin ƙofata, ta ji ina faɗa da mai ruwa ta koma. Rana ta biyu ta shigo ta durƙusa, na ce mata in maganar cefane ce ta bari sai na idar da lazimi, ta ce to, ta tashi. Ta je ta wanke zanin da kanta ta shanya a bayan ɗaki.

Ɗakina da nata taku goma ne. Kunya ta rufe ni, da baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar Malam. Sai na ji bakina yana tambayarta wane zani ne.

Ta ce, "Shuɗin nan, Inna. Wanda kika ce ban iya shanya ba, kika gyara masa zama a kan igiya."